Wajabta wa Maharba Koyon Tantance Tsuntsayen Ruwa

Gabatarwa

Farauta tana daga cikin tsofaffin sana'o'in Bahaushe na gado, kuma har yau ba ta mutu ba. Masu nazarin al'ada sun saba kasa ta gida biyu. Akwai farautar gayya, wadda ake fita da rani da karnuka da kulake da makaɗa, akwai kuma harbi, wanda mutum guda kan fita shi kaɗai da kwari da baka ko da bindiga. Wannan maƙala ta shafi wani yanki ne na kashi na biyu, wato harbin tsuntsayen da ke rayuwa a tafkuna da fadamu da madatsun ruwa. Tambayar da aka ɗora ta a kai ita ce: shin ya dace hukuma ta wajabta wa mai wannan harbi ya koyi tantance tsuntsu daga ɗan'uwansa, a kuma gwada shi, kafin a ba shi izinin ɗaga bindiga? Matsayin maƙalar shi ne ya dace, amma bisa sharaɗin a yi koyon da gwajin cikin harshen maharbin, a bakin ruwa, ta hannun shugabannin sana'arsa. An zaɓi ƙasar Karfi, a ƙaramar hukumar Malumfashi ta Jihar Katsina, domin misali, saboda irin wuraren da ɗalibin kwalejin ilimi zai koma ya koyar ke nan.

Tsuntsayen da ake magana a kansu

Ƙasar Karfi, kamar sauran ƙasashen da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ƙasar noma ce ta auduga da masara da dawa, ba ƙasar ruwa ba. Sai dai yankin yana da fadamu da kududdufai, ga kuma madatsun ruwa da aka gina, irin su Mairuwa da Gwaigwaye a wajen Funtuwa, da ta Malumfashi, sai kuma Zobe can arewa kusa da Dutsin-ma. Duk inda ruwa ya kwana da rani, to tsuntsu zai sauka, inda kuwa tsuntsu ya sauka maharbi zai biyo sawu.

Tsuntsayen da ke sauka a waɗannan wurare iri biyu ne. Akwai 'yan gida, waɗanda a nan Afirka suke ƙwai su ƙyanƙyashe. Daga cikinsu akwai dinya, wadda ta fi kowace agwagwar daji ta wannan nahiya girma, mai baƙin baya da farin ciki da ƙaya a gwiwar fiffike. Akwai dani, wanda namijinsa ke da tudun nama a kan baki, da kirinjijiya mai farar fuska da ke tashi garke-garke tana fito. Haka kuma akwai zalɓe da balbela da jinjimi da kazar ruwa da zakaran ƙeƙuwa. Agwagin dajin da ke cikin wannan rukuni da damina suke hayayyafa, lokacin da ciyawa ta rufe bakin ruwa.

Rukuni na biyu baƙi ne. A ƙasashen Turai da yammacin Asiya suke hayayyafa, idan sanyi ya daskarar da ruwan can sai su ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara, tafiyar dubban kilomita, su iso ƙasar Hausa daga wajen watan Oktoba, su juya a watan Maris ko Afrilu. A cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya, da kuma wata mai launin jar ƙasa wadda namijinta ke da farin ido. Wannan ta ƙarshe masana sun sanya ta cikin tsuntsayen da yawansu ke raguwa har ake jin tsoron makomarsu. Babbar matattarar waɗannan baƙi a arewacin Nijeriya ita ce dausayin Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, inda dubban ɗaruruwan tsuntsaye kan taru a shekarar da ambaliya ta yi kyau. Tafkin Nguru shi ne wuri na farko a ƙasar nan da aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, daga baya kuma Baturiya da Dagona suka shiga a 2008. Madatsun kudancin Katsina ba su kama ƙafar wannan dausayi ba, amma zango ne a kan hanya, matafiyi kuwa ba ya rena zango.

Abin lura a sakin layin da ya gabata shi ne, 'yan gida an kira su da sunayensu, baƙi kuwa sai da aka yi ta kwatance. A bakin yawancin mutane duk sunansu guda ne, wato agwagwar ruwa. A nan matsalar ta fara.

Dalilan da suka sa wajabtawa ta dace

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Matan agwagin daji da yawa launinsu ɗaya ne a ido, ruwan ƙasa mai ɗige-ɗige, kuma maharbi ba a hannu yake ganin su ba. Yana ganin su ne da jijjifi ko da almuru, daga nesa, a cikin garke da ya gauraya, yana da ɗan lokacin da bai wuce ƙiftawar ido ba. Bindigar toka kuwa, wadda ake ɗura wa albarushi da tarin ƙananan ƙarafa, ba tsuntsu ɗaya take nufa ba, watsi take yi. Wanda bai san abin da ke cikin garken ba kafin ya ja kunama, ba zai san shi ba sai ya tsinci gawa. Idan tsuntsun mai yawa ne, asarar kaɗan ce. Idan kuwa irin wanda ya kusa ƙarewa ne, harbi guda yana iya yin ɓarnar da shekaru ba za su gyara ba.

Wannan ba hasashe ba ne. A ƙasar Amurka akwai wani farin gauraka wanda a shekarar 1941 abin da ya rage na jinsinsa a duniya bai kai 25 ba, aka yi ta wahalar rainonsa shekara da shekaru. A watan Nuwamba na 2004, wasu maharba a jihar Kansas suka harbe aƙalla biyu daga cikinsu da sassafe, suna zaton wani gauraka ne mai ruwan toka wanda doka ta halatta harbinsa. Bayan wannan ne jihar ta wajabta wa masu harbin gauraka cin jarrabawar tantancewa. A jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya kuwa, tun 1990 ba a ba mutum lasisin harbin agwagwa sai ya ci wata jarrabawa da ake nuna masa hotunan tsuntsaye masu motsi guda 22, ya faɗi kowanne da kuma ko ya halatta a harbe shi. Ƙasar Danmak ta fara jarrabawar maharba tun 1967, Jamus da Faransa ma suna da tasu. Akwai kuma wani tsuntsun bakin ruwa mai siririn baki lanƙwasasshe da ya saba yin ƙaura tsakanin Asiya da arewacin Afirka, wanda rabon da a gan shi gani na tabbas tun 1995 a ƙasar Maroko. A 2024 masana suka bayyana cewa ya ƙare, kuma harbi yana cikin abubuwan da ake tuhuma. Yana da 'yan'uwa da suka yi kama da shi ƙwarai, waɗanda ake harbinsu.

Wani zai ce wannan duk maganar Turawa ce. To, Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1995, ta kuma shafi jinsin tsuntsaye fiye da 250. A cikin tsarin aikin wannan yarjejeniya an nemi ƙasashe su ƙarfafa gwada ƙwarewar maharba, har aka ambaci tantance tsuntsaye da suna. Ke nan alkawari ne da ƙasa ta riga ta ɗauka. Tun kafin wannan ma, Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta tanadi lasisin farauta da jerin halittun da aka hana kashewa, sannan Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 ta zo da nata jerin. Duk waɗannan da Ingilishi aka rubuta su. Ina adalcin hukunta mutum a kan kashe tsuntsun da ba a taɓa nuna masa ba, wanda sunansa ke cikin harshen da ba ya ji? Dokar da ta hana kashe wani tsuntsu ta riga ta ɗauka cewa maharbi yana iya gane shi. Wajabta koyo cika wannan giɓi ne kawai.

Ta fuskar addini ma batun ba baƙo ba ne. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa an halatta farauta domin buƙata, an kuma karhanta ta idan don wasa ce. An ruwaito hadisin da ya hana kashe wasu halittu huɗu, daga cikinsu har da alhudahuda, an kuma ruwaito wanda ya nuna cewa za a tambayi mutum a kan ɗan tsuntsun da ya kashe ba da haƙƙi ba. Hanin da ya ambaci tsuntsu da suna ba ya aiwatuwa sai ga wanda ya san tsuntsun. Malaman fiƙihu kuwa suna da ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Hujja mafi ƙarfi, duk da haka, tana cikin al'adar Bahaushe kanta, kuma ita ce shamuwa. Wannan tsuntsuwa takan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan tsakiyar gari, wani lokaci a cikin gidan mutum, ta yi ta ɓata ƙasa da kashi, amma ba a taɓa ta. Tana da nama, ga ta kusa, ga ta ba ta gudun mutane. Babu ɗan sanda ko ma'aikacin gandun daji da ke gadin ta. Abin da ke gadin ta shi ne kowane yaro ya san sunanta, ya san kamanninta, ya san cewa zuwanta albishir ne ga manomi. Da rani shamuwa tana kudancin Afirka, wato ita ma matafiya ce kamar agwagin nan na Turai. Bambancinsu guda ne: ita an san ta, su ba a san su ba.

Abin da masu ja ke faɗi

Hujjar farko ta masu ja da wannan ra'ayi ita ce maharbi ya fi mai jarraba shi sanin tsuntsu. Akwai gaskiya mai yawa a nan. Mutumin da zai ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa, ya rusuna yana kwaikwayon tafiyar burtu da saran ƙasarsa har ya kusanci dabba ba ta firgita ba, ba jahilin halayen tsuntsaye ba ne. Tsohon maharbi yana gane dinya da kukanta cikin duhu, ya san inda take kwana da lokacin da take saɓa gashi. Sai dai wannan ilimi ta hanyar gado ake samun sa. Yaro kan shekara da shekaru yana bin ubansa ko maigidansa, yana ɗaukar gora da jaka, ana nuna masa abin da ake harbi da wanda ba a harbi, kafin a damƙa masa makami. Wato dai wajabta koyo tsohuwar ƙa'ida ce ta sana'ar, ba sabuwa ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu bindiga tana isa hannun wanda bai bi kowa ba. Matsalar tsaro da ta addabi kudanci da yammacin Katsina a 'yan shekarun nan ta ƙara yawan bindigogin gida a ƙauyuka, matashin da ya mallaki bindiga don tsaron gari kuwa ba abin da zai hana shi gwada ta a bakin dam. Wannan matashi ake nufi da jarrabawa. Tsohon maharbin kuma shi ne ya kamata ya zauna a kujerar mai gwaji. Ko shi ɗin ma akwai abin da ba zai sani ba daga bakin tafkinsu, domin ganin tsuntsu 20 a Mairuwa ba ya gaya wa mutum ko su ne ragowar jinsinsu ko kuwa ɗigo ne daga cikin miliyoyi. Wannan labari sai daga masu ƙidayar tsuntsaye, waɗanda kan fita kowane watan Janairu a ƙasashe da dama, da cibiyoyi irin ta nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke wajen Jos. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin ilimin.

Hujja ta biyu ita ce ta talauci, cewa mai neman abin miya ba ruwansa da sunan tsuntsu, manomin da dinya ta cinye wa shinkafa kuma ba zai tsaya tambaya ba. Amsar wannan gajera ce. Ba a ce a hana harbi ba. Dinya da kirinjijiya, waɗanda su ne suka fi nama kuma su ne suka fi shiga gonar shinkafa, ba sa cikin tsuntsayen da ake jin tsoron ƙarewarsu a duniya. Wanda ya iya tantancewa ba zai kwana da yunwa ba, hasali ma zai daina ɓata albarushi a kan abin da bai kai loma uku ba.

Hujja ta uku ta fi nauyi, kuma ba ta tunkuɗuwa da sauƙi. Masu ita suna cewa ba kuskuren ido ne ke ƙarar da tsuntsayen ruwa ba. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, noman rani ya ci gefen fadamu. Ga masu zuba maganin ƙwari a cikin hatsi su watsa a bakin ruwa, da masu kafa raga da dare, guba da raga kuwa ba sa zaɓe. Sun kuma kawo misalin gauraka. Babu Bahaushen da zai rikita gauraka da wani tsuntsu, da tukkunsa mai ruwan zinariya, amma duk da haka ya kusa ɓacewa daga dazuzzukan Nijeriya, saboda lalacewar mazauninsa da kuma kama shi da rai ana sayarwa ga masu ƙawata gidaje. A nan sani bai hana komai ba, ƙila ma shi ya jawo. Ko a Biktoriya mai jarrabawa, an samu harbe tsuntsayen da aka hana harbi a 2013 da 2017, har wani kwamitin majalisar jihar ya ba da shawarar hana harbin agwagwa gaba ɗaya a 2023, gwamnati ta ƙi, ta zaɓi ƙara tsananta horo.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana kowa ɗaukar jarrabawa a matsayin maganin kowace cuta. Abin da bai nuna ba shi ne cewa a bar ta. Masu kashe tsuntsun da bai kamata ba iri biyu ne, mai kuskure da mai gangan. Koyo yana maganin na farko kai tsaye, na biyun kuma yana ƙwace masa uzuri, domin wanda aka gwada a gaban jama'a ya ci ba zai dawo ya ce bai sani ba. Bugu da ƙari, zaman koyon shi ne kaɗai wurin da za a tara maharba a yi musu maganar guba, wadda ba tsuntsu kaɗai take kashewa ba, har da mai cin namansa take cutarwa, da maganar murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da mummunan nau'inta a Nijeriya a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006. Maharbin da ya tarar da agwagi sun mutu barkatai a bakin ruwa ya kamata ya san ba ganima ya samu ba.

Sai hujja ta huɗu, wadda duk wanda ya zauna a karkara ya san ta: duk takardar da aka wajabta wa talaka takan zama hanyar tatsar sa. Idan aka ce sai an je hedikwatar ƙaramar hukuma an sayi fom, an zauna an amsa tambayoyi a rubuce da Ingilishi, to sakamakon a bayyane yake. Mai kuɗi zai sayi takarda bai san tsuntsu ko ɗaya ba, masanin gaske da bai yi boko ba zai faɗi, sauran kuma su ci gaba da harbinsu a ɓoye suna ba da na goro idan an tare su. Irin wannan wajabtawa gara babu ita. Shi ya sa aka gindaya sharaɗi tun a gabatarwa.

Yadda ya kamata a yi

Maharba ba taron yuyuyu ba ne. Suna da shugabanni, sarkin baka ko sarkin maharba, waɗanda dagaci da hakimi suka san da su, kuma maganarsu tana da nauyi a kan mabiyansu fiye da takardar ofis. Ta hannunsu ya kamata izinin harbi a ruwa ya riƙa fitowa, tare da sarkin ruwa inda akwai shi, ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma kuma ya zama shaida da mai ajiye suna. Gwajin ya kasance da baki, da Hausa, kyauta, a bakin ruwa da hantsi lokacin da tsuntsaye ke nan, a taimaka da hotuna masu launi da muryoyin tsuntsaye, abin da wayar hannu ta sauƙaƙa. Ba a buƙatar maharbin Karfi ya san tsuntsayen duniya. Ya isa ya san goma sha biyar ko ashirin da ke sauka a ruwan yankinsu, ya san waɗanda ake harbi da waɗanda ba a harbi, ya san cewa ba a harbin 'yan gida da damina lokacin da suke kan ƙwai, ya kuma riƙe ƙa'ida guda: tsuntsun da haske bai isa a ga launinsa ba, ba a harbin sa. Wanda ya faɗi ya dawo wani mako. Wanda ya ci kuma ya saɓa da gangan, shugabanninsa su janye izininsa kafin a kai ga kotu.

Rabon malamin Hausa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa a kwalejin ilimi da harbin agwagwa? Abin da ya haɗa su shi ne duk tsarin da aka zayyana a sama ba zai tsaya ba sai da sunaye, sunaye kuwa kayan aikin malamin harshe ne. Ba a tantance abin da ba shi da suna. A ilimin ma'ana an san cewa kalma mai faɗi takan haɗiye ƙananan kalmomin da ke ƙarƙashinta idan masu harshe suka daina mu'amala da abubuwan da kalmomin ke nufi. Haka agwagwar ruwa take haɗiye dani da kirinjijiya a bakin yaran yau, har ma a sami ɗalibin da bai san bambancin dinya tsuntsuwa da ɗinya itaciya ba, alhali lanƙwasar baƙi guda ce ta raba su. Abin mamaki ma, ita agwagwar gida da aka ari sunanta ana laƙaba wa na daji, asalinta daga nahiyar Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara sunayen tsuntsaye da dama, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ma yana da nasa. Amma ƙamus ba ya nuna wa mutum tsuntsu, kuma suna yakan bambanta daga karin harshe zuwa wani. Abin da Bakatsine ke kira da wani suna, Bahaɗeje yana iya kiran sa da wani daban, wani lokaci kuma suna guda ya hau tsuntsu biyu. Jarrabawar da aka shirya da sunayen Haɗeja za ta kayar da maharbin Malumfashi ba da laifinsa ba. Saboda haka aikin farko shi ne kowane yanki a tattara sunayensa daga bakin tsofaffin maharba da masunta, a daidaita kowane suna da hoton tsuntsunsa, a rubuta shi bisa ƙa'idar rubutu tare da karin sautinsa da jam'insa, a haɗa da kirari da karin maganar da ke tattare da shi. Wannan aiki ne da ɗalibi zai iya yi a kundinsa na kammala karatu, maimakon maimaita batutuwan da aka gaji da su, ba ya kuma buƙatar abin da ya wuce littafin rubutu da waya da ladabin zama gaban manya.

Malamin firamare yana da wata dama da sarkin maharba ba shi da ita. Maharbi na farko a kowane gari shi ne yaro mai danƙo, kuma babu dokar da za ta kai gare shi, amma yana zaune a aji kullum safiya. Darasin sunaye da na sifa da na insha'i duk suna iya ɗaukar tsuntsayen tafkin bayan gari. A ce wa yaro ya siffanta zalɓe, ya faɗi bambancinsa da balbela, ya je ya tambayo kakansa sunan tsuntsun da ya gani a kududdufi. Yaron da ya tashi a haka, ranar da ya je gaban sarkin baka neman izini ya riga ya ci rabin gwajin.

Baƙin agwagin nan da aka yi ta kwatantawa a farkon maƙala su ne za su fi ba da wahala. Inda aka tarar tsofaffi suna da sunansu, sai a ɗauka a rubuta. Inda ba a tarar ba, sai a ƙirƙira, kuma Hausa ba ta rasa hanyar yin haka, tunda ita ce ta haɗa kalmomi ta samar da babba-da-jaka da kazar ruwa da zakaran ƙeƙuwa. Sai dai kada a zauna a ofis a fassaro sunan Ingilishi ko na Latin a ɗora wa mutane. A kai hoton agwagwar nan mai launin jar ƙasa da farin ido gaban maharban Mairuwa ko na Zobe tsakanin Nuwamba da Maris, a nuna musu ita a kan ruwa idan an dace, a bar su su raɗa mata sunan da bakinsu zai iya riƙewa, malami kuma ya rubuta.